Tsakanin Gata da Citta

Laraba, 7 ga Fabrairu 2007, bayan la'asar

Kafila, wato ayarin likitocin ido, ta tafi. Da hantsi suka naɗe tantinsu daga harabar makarantarmu, suka loda kaya, suka kama hanyar Sinja. Tsofaffi arba'in da ɗaya aka cire wa yanar ido cikin kwana biyu. Ustaza Sabah, mudira, wato shugabar makarantarmu, ta ce 'yan matan ƙungiyar taimako sun fitar da mu kunya, ta rungume ni a gaban likitoci ta ce duk aikina ne. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da azahar Kamal direban boksi, motar a-kori-kura ta makaranta, ya dawo daga Hillat Mato. Ya ce ya ga Baba Sodangi, tsohon makahon nan, zaune a bakin hanya, gindin bishiyar dogon yaro, da farar jallabiya da rawani da sanda, 'yarsa Hadizatu na gefe da ƙullin kaya. Tun bayan asuba suke wurin. Jiran motar da za ta kai shi aikin ido yake.

Jiya aka je ɗaukarsa, aka tarar da gida a rufe.

Ban ci abinci ba.

Alhamis, 8 ga wata, lokacin fatur, hutun kalacin hantsi

Bari in rubuta yadda abin ya zo, ko na samu in ga inda ya karkace.

Ran Asabar muka rarraba 'yan mata ƙauyuka, kowacce ta gaya wa tsofaffin da aka rubuta ranar da mota za ta zo. Ramla ce shugabarsu, ita ce kuma take zuwa wurin Baba Sodangi duk Alhamis tun farkon shekara, ta share masa rakuba, rumfar da yake zama, ta cika masa tulu, ta karanta masa hizbi ɗaya na Alƙur'ani. Gidansa can yake shi kaɗai a bakin kogi, kusa da gonar albasarsa. Ranarsa Talata ce.

Ramla ba ta ce masa Talata ba. Ta ce masa citta.

Shi kuwa tsohon nan lissafinsa ba ya kuskure. Daga Asabar, gobe Lahadi, jibi Litinin, gata Talata, citta Laraba. Ya ga yana da kwana guda a hannu, sai ya shiga kwale-kwale ran Talata ya haye kogi ya ɗauko Hadizatu don ta riƙe masa hannu bayan aiki. Mota ta zo ta buga ƙofa, shiru. Aka ba wani gurbinsa.

Kafila ba za ta dawo ba sai bayan damina, in ma ta dawo.

Inda Ramla ta samo kalmar, ba yau zan rubuta ba.

Asabar, 10 ga wata, bayan tashi daga makaranta

Mudira ta kira mu ofis, ni da Ramla. Hadizatu ta riga ta zo ta yi faɗanta ta tafi, har ƙofar ɗakin malamai ana jin muryarta: "Makarantar addini ke nan? Ku ɗauki makaho ku shanya a rana?"

Ustaza Sabah ba ta jin Hausa sosai, Larabci ne yarenta kamar yawancin mutanen ƙasar nan, sai da na fassara mata komai. Ni na fassara. Da bakina na bayyana mata bambancin gata da citta, tiryan-tiryan, har da yatsu, kamar ina aji.

Ta juya ga yarinyar ta ce, "Ke me ya hana ki faɗa masa sunan rana kamar sauran 'yan'uwanki? Wa ya aike ki neman tsohuwar kalma?"

Ramla ta ɗago kai ta dube ni. Sau ɗaya. Ba dogon kallo ba ne, kamar yadda ɗaliba ke duban malama ta ga ko za a ba ta izinin magana. Ni kuwa a lokacin na ga bakin tob ɗin da na lulluɓa da shi ya zame, na shiga gyara shi.

Ta sunkuyar da kai ta ce da Larabci, "Ana galɗana, ya Ustaza." Wai ita ce mai laifi.

An sauke ta daga shugabanci, an hana ta fita aikin ƙauye har ƙarshen shekara. Sara, wata 'yar ƙungiyar, aka ɗora.

Lahadi, 11 ga wata, da safe

An karanta sunanta a ɗabur, taron safe na makaranta, gaban 'yan mata ɗari uku. Ina tsaye a bayan layin ajinta.

Talata, 13 ga wata, kafin magariba

Ai ita ma da nata. Wa ya ce ta yi iyayi? Yarinyar da aka ba saƙo a rubuce, Talata, baƙi a kan fari, me ya kai ta canza shi? Kuma boksin nan ran Asabar ƙara yake kamar injin niƙa, 'yan mata goma sha huɗu kowacce na kiran sunana, Kamal na danna hon. Wa zai yi lissafin kwanaki a cikin wannan hayaniya? Ko alƙali aka kai wa maganar zai ce kuskure ne na kowa da kowa.

Na karanta abin da na rubuta a sama. Kai, Sharifa, kin iya.

Alhamis, 15 ga wata, bayan azahar

Allah ya san yadda yake kama bawansa. Mudira ta ce tunda abu ya faru, ni zan yi wa'azin Alhamis na wannan makon, a kan amana.

Na yi. Wallahi na yi shi da kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na kawo aya, na kawo hadisin alamomin munafuki uku, na ce musu saƙo amana ne, wanda ya ɗauki kalmar wani ya kai ta gurgu ya ci amana ko da bai yi niyya ba. Wasu har da hawaye. Ustazar tauhidi ta ce in ba ta takardar ta kwafa.

Ramla na layi na biyu, tana rubutawa. Komai na faɗa tana rubutawa.

Da muka fito na ce mata, "Ramla, yaya gida? Yaya Innarki da ƙafa?" Ta ce, "Alhamdu lillah, ya Ustaza." Na sake tambayarta wani abu da Hausa, ta sake amsawa da Larabci. Sai a lokacin na lura tun ran Asabar ban ji kalmar Hausa ɗaya a bakinta ba. Yarinyar da ke tare ni a hanya tana tambayata sunan wannan ciyawa da sunan wancan tsuntsu.

Juma'a, 16 ga wata, da hantsi, gidan Inna

Inna na soya bun, 'ya'yan gahawa, a kasko, ni ina jajjaga citta mai yaji da za a zuba a jabana, gahawar da za mu sha. Har kayan ƙamshin ma ba su bar ni na huta ba.

Na ce, "Inna, gobe, jibi, sai me?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Gata, citta, shekaran citta. Ke da anka ce ke ce ƙamus ɗin makaranta? Ko dai jarrabawa kika yi mini?"

Na yi dariya na ce jarrabawa ce, ta ci.

Ƙamus. Haka suke kirana a ɗakin malamai, ni kuma ban taɓa cewa su bari ba. Ni ce mai tsayar da yarinya a tsakar gida in ce, "Kakanninki sun tako ƙasa daga Sakkwato har nan da Hausarsu a baki, ke kuma kin kasa kai ta daga ɗaki zuwa kicin?" Ni na kafa dokar cewa duk wadda ta fita aikin taimako wurin tsofaffi da Hausa za ta yi musu magana, don girmamawa ce. Dokar ba ta da laifi. Har yanzu ina ganin ba ta da laifi.

Inna ta ce jabanata yau ba ta yi ba, hankalina ba ya wurin.

Litinin, 19 ga wata, lokacin fatur

To, in rubuta, tunda babu mai karanta littafin nan sai ni.

Ramla ta riƙe ƙofar boksi ran Asabar ɗin nan, fuskarta duk murna, ta ce, "Ustaza Sharifa, yaya ake cewa bayan kwana uku da Hausar gaske? Ina so in ba Baba mamaki. Kullum cewa yake Hausata ta gwangwani ce."

Na ce, "Ki ce masa citta."

Ta maimaita sau biyu, citta, citta, ta shiga mota.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Abin da na rubuta ɗazu ma ban cika shi ba. Ba hayaniya ce ta ruɗe ni ba. Na ji tambayar sarai. Kalmomin biyu suka zo mini tare, gata da citta, ban tabbatar wacce ce ta fara ba. Akwai ɗan lokaci, kamar na haɗiyar yawu, da zan iya cewa, "Ban tabbata ba, ki dai ce masa Talata." Amma 'yan mata goma sha huɗu na kallona. Na ɗauki wadda ta fi kama da maganar tsofaffi.

Idon mutum ke nan na saka a caca don kada yara su ji na ce ban sani ba.

Alhamis, 22 ga wata, kafin magariba

Mun fita aikin ƙauye. Na raba 'yan mata, Sara da wasu biyu suka nufi gidan Baba Sodangi, ni na ce zan tsaya wurin masu share masallacin mata don tsintsiya ba ta isa ba. Tsintsiya ta isa.

Sara ta dawo ta ce ya karɓe su lafiya, ya sa musu albarka, amma bai yi musu tsokanar da ya saba ba. Tulunsa ma a cike suka same shi, rakuba a share. Wataƙila Hadizatu ce.

Ta ce ya tambaya, "Ina ustazarku?" Suka ce tana masallaci. Ya ce, "To, madalla."

Ranar da likita ya duba shi a watan jiya, ina wurin. Aka tambaye shi me yake so ya fara gani in an buɗe masa ido. Muna jiran ya ce Alƙur'ani ko jikoki, sai ya ce, "Albasata. Shekara uku ɗan ƙanena na hwaɗa mini ta yi kyau, ni kuwa ban yarda da shi ba." Har likitan sai da ya ajiye fitilarsa ya yi dariya.

Nan da wata guda za a cire albasar.

Asabar, 24 ga wata, da safe

Na tsaya a ƙofar ofishin mudira. Ta ce, "Na'am, Sharifa?" Na ce alli ya ƙare a aji na uku.

Talata, 27 ga wata, bayan azahar

Na gyara takardun gwajin fiƙihu. Ramla ta ci tara cikin ashirin, ita da ba ta taɓa sauka daga sha takwas ba. Jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, saura makonni. Na riƙe jan biro ina neman inda zan ƙara mata maki, sai na ga abin da nake shirin yi: in biya ta da abin da ba nawa ba. Na bar mata taranta.

Babanta ya aiko ƙanwarsa ta ba ni haƙuri a kan abin da yarinya ta jawo wa makaranta. Ta kawo mini kwanon gyaɗa. Na karɓa. Na ce, "Ma'alesh, ba komai, yarinta ce, kowa na kuskure."

Gyaɗar na nan a kan tebur, ban taɓa ta ba, ban kuma iya bayar da ita ba.

Alhamis, 1 ga Maris

Ciwon kai. Ban fita da su ba.

Juma'a, 2 ga Maris, kafin magariba

Na je. Ban gaya wa kowa ba, na hau hafila, motar haya, zuwa mararraba na taka sauran da ƙafa.

Na same Baba Sodangi a kan angarib, gadonsa na igiya, ƙarƙashin rakuba yana jan carbi. Na yi sallama, kafin in faɗi sunana ya ce, "Ustaza ta. Shigo, ɗiyata. Takalminki na hagu na jan ƙasa, tun bara nika ji nai."

Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi gona, na tambayi Hadizatu, na koma na sake tambayar jiki. Ya bar ni na gama zagayena. Sannan na ce, "Baba, maganar citta, ba yarinyar nan ba ce. Ni na ba ta kalmar."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ta gaya maka ke nan."

"Tun ran Assabar ɗin. Ta shigo nan tana rawar ƙahwa, tac ce, Baba, mota za ta zo citta. Nic ce, a'a, yau gwangwani ya huje! Ina kinka samo wagga? Tac ce, Ustaza Sharifa ta koya mini." "Shi ya sa ban tambayi sunan rana ba. Da daga bakinta kaɗai ta hito, da na tuhume ta. Amma anka ce Ustaza."

Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa, Baba? Hadizatu ta je har makaranta."

"Ko Hadizatu ban gaya ma ba. Ba maganata ba ta. Na ce mai ita za ta zo ta ɗauki abinta. Nis shiga ƙidaya, gobe, jibi, gata, citta, shekaran citta. Daga nan sunaye sunka ƙare mini. Yau kwana ashirin da ukku, Hausa ba ta yi wa wannan suna ba."

Na yi kuka kamar yarinya, majina da komai. Na ce ya yafe mini idonsa. Ya ce ido na Allah ne, shekara uku yana cikin duhu bai mutu ba, in da rabon ya ga haske zai gani. Ranar da ya sha a bakin hanya ma ya yafe, wai dama jallabiyar tana son shanya.

"Amma wadda kinka bari da kaya a kai, ba ni ba ne. Kada ki kawo mini nan abin da za ki kai wani wuri."

Da na tashi tafiya na ɗauki tulu in cika masa, na ji shi a cike. Ya ji motsina ya ce in bari, mai cika shi ta riga ni. Ramla ce. Makaranta ta hana ta Alhamis, sai take zuwa duk Juma'a da safe, wani lokaci har da Laraba bayan tashi, da ƙafa, ita da goggonta. Ranar farko ba ta iya magana ba sai kuka. Ya ce mata kuka ba ya buɗe ido, in tana son biyansa ta kai shi gona ta zama idonsa. Yanzu sai ta ja shi har bakin kunya, ta tsuguna ta gaya masa yadda ganye yake, wanne ya kwanta, wanne ya yi ja, inda ruwa bai kai ba. Da Hausa, don ya ce ba ya ganin albasa da Larabci.

"Ashe ɗan ƙanena ƙarya shika yi," in ji shi. "Kunya ukku tsutsa ta cinye."

Makonni uku ina zagaye ƙofar ofis, yarinya 'yar shekara sha bakwai tana taka wannan hanya.

Asabar, 3 ga Maris, bayan tashi

Na gaya wa mudira. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Ta ce a bar shi a ofis, za ta mayar da Ramla kan shugabanci a hankali ba tare da surutu ba, don martabar malamai ma amana ce. Wallahi na so in yarda. Zuciyata har ta fara cewa ai mudira ce ta yanke.

Na ce a ɗabur aka karanta sunanta.

Ta ce, "Kin san abin da za su riƙa kiranki?" Na ce ko mene ne ya fi ƙamus.

Litinin, 5 ga Maris, bayan la'asar

Na yi. Bayan karatun Alƙur'ani na safe na karɓi makirufo, na faɗa da Larabci don kowa ya ji, na sake faɗa da Hausa. Ban kawo aya ba, ban kawo hadisi ba. Na ce Ramla ta tambaye ni, ban sani ba, na ƙi cewa ban sani ba. Na ce ranar da aka tuhume ta ina tsaye a wurin na yi shiru, kuma wa'azin amana da na yi musu su riƙe shi, amma su san bakin da ya fito. Makirufon ya yi ta kuwwa. Wata a layin baya ta yi dariya aka tsawatar mata.

Na ɗauka zan ji sauƙi. Ban ji wani sauƙi ba, kafila dai ta tafi.

Ramla ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Da aka tashi fatur na same ta ita kaɗai a bakin famfo tana wanke hannu. Na maido mata da kwanon goggonta da gyaɗarsa a ciki. Na ce, "Ki yafe mini." Ta karɓi kwanon ta ajiye a gefen famfo.

Sai na ce mata da Larabci mudira ta ɗage hanin, za ta fita da mu wurin Baba ran Alhamis.

Ta tsaya. Na ga leɓenta na motsi, tana naɗe yatsun hannunta masu ruwa ɗaya bayan ɗaya. Talata. Laraba. Alhamis.

Ta ce, "Gata ke nan."

Hausa. Na ji daɗi, na buɗe baki zan ce madalla, haka ne, kamar yadda na saba.

Ta ce, "Ba tambayarki nake ba, Ustaza. Shi ya koya mini."

Ta rufe famfon ta tafi aji.